Ƙugiya ko Taru? Gardamar Bakin Ruwan Jibia

Duk wanda aka ambata wa Jibia, iyaka ce ke fara faɗo masa a rai: manyan motoci sun yi layi a Magama, jami'an kwastan da na shige da fice, 'yan canji da damin sefa a hannu, sai titin da ya miƙe zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. Ba kasafai ake tuna cewa garin yana da ruwa ba. Alhali a 1989 aka kammala madatsa a kan gulbin Gada, bangon ƙasa mai tsawon fiye da kilomita 3 da rabi, wadda aka tsara ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 142 saboda noman rani da ruwan sha. Waɗanda suka zana ta ba kifi ne a gabansu ba. Kifin shi ya kawo kansa, masunta suka biyo shi, gardama kuma ta biyo masunta.

Wata safiya da kaka na zauna a gaɓar ruwan ina jiran wani aboki, sai na tsinci kaina a tsakiyar wannan gardama. Wani dattijo ya turo ɗan kwalekwalensa bakin gaɓa. Ba komai a ciki sai filafili, da gwangwanin tana, da sandunan fatsa biyu, da tarwaɗa huɗu manya suna ta motsi a ɗan ruwan da ya taru a ƙasan jirgin. Can gefe ɗan ƙanwarsa ne da abokan aikinsa suka juye abin da taru ya jawo. Kwando ya cika, amma in ka sa hannu ka ɗebo, mafi yawa 'yan ƙarfasa ne da ba su wuce yatsu biyu ba.

Dattijon ya leƙa kwandon, ya girgiza kai. "Kai yaro, wannan ai ba su ba ne. Iri kuke ci."

Saurayin bai ɗago ba. "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri. Kai da Inna ku biyu ne a gida. Ni bakuna tara ke jirana. Kifi huɗu zan raba musu?"

Nan maganar ta tsaya a tsakaninsu, don yaro mai tarbiyya ba ya ja-in-ja da kawunsa a gaban baƙo. Ni kuwa ta bi ni har gida. Shin ƙaramin ruwa irin wannan, a bar shi ga mai ƙugiya da ɗan jirginsa, ko kuwa mai taru da mai kalli su ma suna da gaskiyarsu?

Hujjar dattijon ta farko ita ce ƙugiya tana zaɓe. Girman ƙugiya shi ke faɗin girman bakin da zai haɗiye ta. Ka ɗaura babba, ɗan kifi sai dai ya tsattsage tanar ya wuce. In ma ƙaramin ya kamu, ga shi a hannunka da ransa, kana iya zare ƙugiyar ka mayar da shi. Kalli ba ya ba ka wannan dama. Da yamma ake shimfiɗa shi, kifi ya cusa kai a ido ya maƙale ta kunne, kafin asuba ya mutu. Abin da ka tarar shi ne rabonka, ko kana so ko ba ka so. A watannin bazara ma, lokacin da ruwan ke ɗumi kamar an ɗora shi a wuta, wanda ya kamu tun farkon dare yakan fara laushi kafin a kai shi wurin mai suya. Mai fatsa kuwa kifinsa na numfashi yake sayarwa, kuma duk matar da ta san kasuwa ta san bambancin kuɗin tarwaɗa mai motsi da wadda cikinta ya kumbura.

Hujja ta biyu ta fi nauyi a wurina, kuma sai wanda ya san halin ƙarfasa zai gane ta. Namijin ƙarfasa yakan zo wuri mara zurfi ya share ƙasa, ya yi ɗan rami kamar akushi. Nan macen ke zuba ƙwai, ya barbare su, sai ta kwashe su a bakinta. Kwana da kwanaki tana yawo da su a baki, ba ta cin abinci, har su ƙyanƙyashe, kuma ko bayan sun fito, da sun ga abin tsoro sai su ruga su koma bakin uwar. To, taru a irin wannan wurin ake jan sa, a gaɓa mai tudu inda ƙafar mutum ke taɓa ƙasa. Gindinsa mai dalma yana sharar ƙasa, ya rushe ramukan, ya kwaso uwar, ita kuma cikin firgici ta tofar da ƙwan. Wanda ya ƙirga abin da ke kwando bai ƙirga wannan ba. Tarwaɗa ita ma tana da nata rauni. Da ruwan farko ya sauka, gulbi ya kawo, sai ta bi sabon ruwa ta shiga ciyawar da ambaliya ta rufe don ta yi ƙwai, cikinta fal. A lokacin ko yaro da adda yana iya kashe ta. Manomin da ya san abin da yake yi, ko yunwa ta kai ina, yakan rataye damin iri a inda hannun yara ba ya kaiwa. Abin da dattijon ke nufi ke nan da cin iri.

Sai maganar jari, wadda masu kare taru ba su cika son a tayar ba. Kayan fatsa ba su da tsada: zare, ƙugiyoyi, ɗan dalma, sanda, sai tanar da za ka tono a bayan gida. Taru kuwa dukiya ce, kuma sau da yawa ba na masu jan sa ba ne. Akwai ubangida a gari da ya saya, ko dillalin da ya bayar bashi bisa sharaɗin shi za a riƙa sayar wa kifin a farashin da ya yanka. Zaren nailan ba a Katsina ake yin sa ba. Darajar naira ta faɗi, kuɗin koma ya tashi. A garin iyaka kuwa har siyasar ƙasashe tana shiga cikin lissafin. Gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, aka daɗe ana jin jiki. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Duk sana'ar da ke tsaye a kan bashi da kayan waje, irin wannan girgiza tana kayar da ita. Mai bashin koma a wuya ba ya iya cewa yau zan bar ruwa ya huta. Dattijon nan kuwa ba wanda ke bin sa ko sisi, shi ya sa yake da bakin yi wa wasu faɗa.

Akwai ma abin da zamani ya ƙara. Shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Jibia da Batsari da Safana, kwana a bakin ruwa ya zama kasada. Mai fatsa yana fita bayan asuba ya dawo kafin azahar. Mai kalli dole ya bar kayansa a ruwa, in hali bai yi ba ya kasa komawa ɗauka. Kallin nailan da aka bari ba ya ruɓewa da wuri. Yana nan a ƙarƙashi yana kama kifi, kifin ya ruɓe, wani ya zo ci shi ma ya maƙale, ba mai amfana.

In a nan aka tsaya, sai a ce dattijo ya yi nasara. Amma saurayin bai faɗi duk abin da ke bakinsa ba, kuma ni ba kawunsa ba ne, don haka bari in faɗa a madadinsa.

Ciki ba a ba shi haƙuri. Fatsa sana'ar mai haƙuri ce, kuma haƙurin nan yana da sauƙi ga wanda 'ya'yansa suka girma suka kama gabansu. Akwai ranar da mai ƙugiya zai wuni yana kallon toton da ke yawo a kan ruwa bai nutse ko sau ɗaya ba. Tukunyar gida fatsa ke cikawa, ba kasuwa ba. A bayan kowane taru kuwa akwai jerin mutane: masu ja, mai gyaran koma, yaran da ke fere kifi, matan da ke suya a bakin tasha, masu banda, mai itace, ɗan acaɓan da ke kai kwando kasuwar Lahadi. Ka ce kowa ya koma ƙugiya, ka sallami mafi yawansu. Su koma ina? A yankin da matasa marasa aikin yi ke da masu zawarcinsu a daji, wannan tambaya ba ta wasa ba ce.

Na biyu, ba kowane kifi ke cin ƙugiya ba. Tarwaɗa maciyiya ce, tana, hanjin kaza, fara, har sabulu wasu ke ɗaura mata. Ƙarfasa kuwa, wadda ita ce ta fi yawa a irin waɗannan madatsun, abincinta gansakuka ne da ƙananan halittun da ido ba ya gani, tace su take yi daga ruwa. Takan ɗauki tana jefi-jefi, amma ba yadda za a kwashi abin kirki da ƙugiya. Haramta koma baki ɗaya daidai yake da shuka gona a hana girbi. Ƙarfasa kuma in ta yi yawa a ruwan da ba a rage ta, sai ta cushe, abinci ya gaza, ta riƙa haihuwa tun tana 'yar mitsitsiya, ta tsumbure. Masu kiwon kifi a tafkunan gida sun san wannan matsala sarai.

Sannan wa ke cin ƙananan kifin nan da ake raina wa? Talaka. Babbar tarwaɗa gidan mai hali take zuwa, ko gidan abinci a Katsina. Matar ƙauye da ke da 'yan canji a ƙulle a bakin zane, ɗan tsibin busasshen kifi take saye, ta daka shi da ƙashinsa da kansa ta zuba a miyar kuka. Masana abinci sun tabbatar da cewa cin ƙaramin kifi ɗungurungum ya fi tsokar babba amfani wajen gina ƙashi da jini, musamman ga yara da masu ciki. A jihar da tamowa ke kwantar da yara kowace damina, ba zan yarda a yi maganar kifi a manta da wannan ba.

Akwai ma masana da suka juya hujjar dattijon ta koma kansa. Jeppe Kolding na Jami'ar Bergen a ƙasar Norway, wanda ya daɗe yana nazarin tafkunan Afirka irin su Kariba da Turkana, yana cikin masu cewa zaɓen manya kaɗai shi ma ɓarna ce. Babbar uwa ta fi ƙarama yawan ƙwai nesa ba kusa ba. In kullum manya ake tsamewa ana barin ƙanana, an cire masu haihuwar kirki, kuma a hankali ruwan zai koma na kifin da ke balaga da wuri bai girma ba. A ganinsu gara a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan daga kowane girma da kowane iri. Sun kuma lura cewa a ruwayen da ke cika da damina su janye da rani, yawan kifin shekara ya fi bin yawan ambaliya fiye da yawan masunta. Shekarar da ruwa ya hau ya rufe ciyawa da gonaki, kifi ya samu abinci da mafaka, sai a ga albarka. Shekarar fari kuwa ko an ɗaure duk masunta a gida kifin zai ragu. Ba duk masana suka yarda da wannan ra'ayi ba, amma duk tsohon masunci zai gaya maka cewa shekarar ruwa ita ce shekarar kifi.

Kuma ƙugiyar da ake yabo, ita ma ba waliyyiya ba ce. Sanda ɗaya a hannun dattijo daban, mamari daban. Mamari igiya ce doguwa da aka jera wa ƙugiyoyi ɗaruruwa kusa da kusa, sau da yawa ba ko tana, a shimfiɗa ta a ƙasan ruwa. Duk abin da ya gifta sai ta cafke shi, a ciki, a wutsiya, a ido. Wanda ya kuɓuce ya tafi da rauni. Mai mamari ba shi da bakin zagin mai taru.

A nan labarin Amurka yake da amfani, don can ne fatsa daga ƙaramin jirgi ta zama abin da miliyoyin mutane ke yi, ba don yunwa ba, don nishaɗi. A mashigin ruwan Chesapeake akwai wani kifi mai ratsi-ratsi a jiki da mutanen jihar Maryland ke kira rokfish, sun ɗauke shi tamkar yadda Kabawa suka ɗauki giwan ruwa. A teku yake girma, ya shigo koguna ya yi ƙwai. Mutum zai fita da ɗan jirginsa mai inji, da sanda mara nauyi, da siririn zare, da kifin roba na yaudara a bakin ƙugiya. Daɗin abin a wurinsu shi ne kokawar: zare siriri, kifi ƙaƙƙarfa, sai dabara. A farkon shekarun 1980 kifin nan ya kusa ƙarewa. Majalisar dokokin ƙasar ta yi doka a kansa a 1984, Maryland ta hana kama shi kwata-kwata daga 1985 har zuwa 1990, masu koma da masu ƙugiya duka. Ruwa ya huta, kifi ya dawo, a 1995 aka bayyana cewa ya farfaɗo.

Abin mamakin yana gaba. A 2019 bincike ya nuna an sake cin kifin fiye da kima, kuma a wannan karon mafi yawan abin da ake kashewa ba 'yan kasuwa masu koma ke kashe shi ba, masu sanda ne. Har waɗanda ke kamawa su saki suna da hannu. Lissafin hukumar da ke kula da kifin gaɓar Atlantika shi ne, a cikin kowane 100 da aka saki, 9 suna mutuwa daga baya saboda rauni ko gajiya, musamman in ruwa ya yi zafi. Tara cikin ɗari kamar ba yawa, amma da aka tara na miliyoyin masu fatsa, sai ga shi a 2017 ya kai kusan rabin duk kifin da ya salwanta. Dole aka tilasta musu amfani da wata ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe, wadda ke kama gefen baki maimakon ta shige ciki, aka kuma ƙayyade tsawon wanda za a iya tafiya da shi gida. Ɗan'uwansa bulufish, mai haƙora kamar tsage, shi ma haka: a 2020 aka rage abin da mutum zai ɗauka a rana daga 15 zuwa 3. Ashe ƙugiya ɗaya ce ba ta ɓarna. Dubu ɗari kuwa taru ce da aka yanyanka aka raba wa mutane.

Ba zan wuce ba tare da na taɓo wannan al'ada ta kamawa a saki ba, tunda na fara ganin 'yan birni suna sha'awarta, suna sayen sanduna masu naɗe zare suna ɗaukar hoto a bakin madatsu. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ƙasar nan suka tashi da ita, farauta don wasa makaruhi ce, don buƙata kuwa halal. Mayar da ƙaramin kifi ruwa don ya girma abu ne mai kyau. Amma a huda bakin dabba, a wahalar da ita, a sake ta don kawai a ji daɗin kokawa, wannan Bahaushe zai daɗe bai gane masa ba, kuma ban ga laifinsa ba. In wani ya zo da shawarar a mayar da ruwan Jibia wurin shaƙatawar masu kuɗi a kori masu neman abinci, ni da saurayin nan muke.

To ina na tsaya? Na daɗe ina auna maganar, kuma abin da na gano shi ne kawun da ɗan ƙanwarsa duk sun ɗora laifi a kan kayan aiki, alhali kayan aiki ba su ne kan gaba ba. Argungu ta ishe mu misali. Bikin da aka fara a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ba da ƙugiya ake yin sa ba. Dubban mutane ne ke afkawa kogin Matan Fada da homa da gora a lokaci ɗaya. In kayan aiki ne ke ƙarar da kifi, da tuni ba a fito da giwan ruwan da sai mutum biyu sun ɗauka. Sirrin shi ne wurin a rufe yake sauran watanni, kuma akwai Sarkin Ruwa da ake jin maganarsa. Lokaci, da wuri, da mai tsawatarwa.

Doka ma akwai ta. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da guba da nakiya da lantarki, ta kuma ce idon koma kada ya gaza milimita 76, wato kamar inci 3, sai a wasu kebantattun kamu na ƙananan kifaye. Amma je ka bakin kowace madatsa a Arewa, Zobe ko Ajiwa ko Tiga, ka tambayi masunci ko ya taɓa ganin wanda ya zo da ma'auni. Gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi, a wurare da yawa a Afirka ya koma abin tace ruwa, ba ya barin ko ƙwai. Masu zuba maganin ƙwari irin Gamalin a ruwa kuwa, waɗannan ba sa cikin muhawarar nan. Mai ƙugiya da mai taru duk sun haɗu a kan la'antarsu, don mutanen gari wannan ruwan suke sha.

Tafkin Kainji ya gwada hanyar da ta fi kama da abin da nake nufi. A shekarun 1990, wani shiri na haɗin gwiwar Najeriya da Jamus, tare da cibiyar binciken kifi ta New Bussa, ya gano cewa babban tarun da ake ja daga gaɓa yana kwashe 'ya'yan manyan kifaye da yawa. Aka hana shi, amma ba da 'yan sanda kaɗai ba. An jawo sarakuna da sarakunan ruwa cikin aikin, aka yi rajistar masunta da lasisi. Abin ya yi tasiri muddin ana sa ido, da sa idon ya yi sanyi kuma masu tarun suka fara dawowa. Kifi na ganinka mai jar koma, haka shi ma masunci yana ganin hukuma.

Saboda haka ni ba na goyon bayan a hana koma a Jibia, kuma ba na goyon bayan a bar taru yadda yake. A ruwa ƙarami mai gaɓa shimfiɗaɗɗiya, jan taru a wurin ƙwai shi ne abin da na kasa samar wa uzuri, ko da na saurari maganar bakuna tara. Kalli mai faɗin ido da birgi, wato komar jifa, su yi aikinsu a tsakiyar ruwa. Gaɓoɓi masu ciyawa da bakin da gulbi ke shigowa, daga saukar ruwan farko har ƙarshen Agusta, a bar su ga sanda da ƙugiya ɗaya, ban da mamari. A nan ne dattijon ke da gaskiya cikakkiya, domin a wannan wuri da wannan lokaci ƙugiya ce kaɗai ke iya ɗiban na miya ba ta taɓa iri ba. Kuma an yi sa'a, watannin nan su ne na noma, yawancin masu jan tarun suna da gona. Matsalar ita ce wanda ba shi da gona, ko wanda tsoro ya hana shi zuwa tasa. In ba a sama masa abin yi ba, da dare zai shiga ruwan, kuma ba sarkin ruwan da zai iya kallon idonsa ya ƙwace masa koma.

Saura abu ɗaya da ya sa Jibia ta bambanta da Zobe ko Mairuwa. Ruwan nan ba a Najeriya yake ƙarewa ba. Da ya bar madatsa sai ya tsallaka iyaka ba fasfo, ya zama Gulbin Maraɗi, ya ratsa ƙasar Madarumfa inda tafkin nan mai kaburburan waliyyai yake, ya bi ta Maraɗi da Tsibiri, sannan ya karkato ya dawo Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Ambaliyar Yulin 2018, wadda ta kashe mutane da dama a Jibia, har cikin Nijar ta kai gawarwaki. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, kuma a Maiduguri suka sa hannu a yarjejeniyar 1990 kan rabon ruwan kogunan da suka haɗa su, har da wannan. Amma yadda ake buɗe ƙofar madatsa da rufe ta, shi ke yanke ko fadamun ƙasa za su cika kifi ya hayayyafa, ko su bushe. In maganar masu cewa shekarar ruwa ita ce shekarar kifi gaskiya ce, to ma'aikacin da ke riƙe da makullin ƙofar nan ya fi kawun da ɗan ƙanwarsa iko a kan kifin Madarumfa, wataƙila ma bai sani ba. Masuntan kuma dangin juna ne, na nan yana zuwa can, na can yana zuwa nan. Idon komar da aka hana a Jibia, in ana sayar da shi a kasuwar Ɗan Isa, tafiyar ɗan lokaci ce a kan babur.

Kafin abokina ya iso, wata mai suyar kifi ta zo da roba a kai. Ta taya tarwaɗar dattijon, suka yi ciniki mai tsawo, ta ɗauki uku, ya ce ta huɗun ta Inna ce. Ta juya wurin saurayin ta sayi rabin kwandon ƙananan, ta ce waɗannan na 'yan makaranta ne masu naira hamsin-hamsin. Dattijon yana naɗe zarensa ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Gobe in ka tashi, ka bar min kusurwar nan ta wajen ciyawa." Saurayin ya ɗan yi shiru yana wanke hannu. "To, Kawu. Amma in su wane suka ja a wurin, ba ni ba ne."